Sallamar Baffa Hambali

Toronto, Fabrairu

Yaya Taofeek,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta Anti Bisola da yara. Yaya kasuwa? Ni da maigidan da jaririya muna lafiya, sai sanyin ƙasar nan da har yau jikina ya ƙi sabawa da shi. Na san za ka ce Ni'ima ba ta tuna mutum sai da dalili. Ka yi haƙuri, yau ma da dalilin na zo.

Baffa Hambali nake nema, mijin Innarka Falilat. Lambarsa ba ta shiga, na aika imel har na gaji ba amsa. Ka san Baba ya koma Maiduguri. Da na tambaye shi sai ya ce in bari zai neme shi, ya sako wata maganar daban. Kai kaɗai na sani a Fagge yanzu.

Ka tuna sikelin nan masu aiki da lantarki da ake auna buhuna da su wajen tashar jirgin ƙasa, waɗanda Baffa ke gyarawa? A cikin kowanne akwai wani allo kamar tafin hannu, shi ne ƙwaƙwalwar sikelin. Idan an kunna, akwai wani ɗan ƙaramin shiri da ke fara farkawa, ya duba komai na nan, sannan ya tada sauran. Butloda ake ce masa. In bai tashi ba, na'urar ƙarfe ce kawai. Ina cikin wata ƙungiya ta masu sa kai daga ƙasashe da dama, mu muke kula da butlodan nan don alluna iri-iri. Baffa ne ya shigar da allon sikelin cikin aikin tun ina sakandare, a wurinsa na koya, kuma sunansa ne a rubuce a matsayin mai riƙe da shi.

Kamfanin da ya ƙera allon ya rufe tuntuni. Yanzu ƙungiya tana sauke tsofaffin alluna, domin duk gyaran da za a yi sai an tsaya ana lallaɓa su, ga shi ba mai amfani da su. David, shugaban ɓangarenmu, ya sa na Baffa a ciki. Abin da ya tsayar da shi ɗaya ne: duk sanda muka fitar da sabon gyara, rahoto yakan zo daga Kano da sunan Baffa, cewa an ɗora a allon kuma ya tashi. Makon jiya ma ya zo. Amma David ya ce rahoto bai wadatar ba, yana son mutum ya buɗe baki ya ce har yanzu yana buƙata.

Don Allah ka leƙa gidan ka ce ya amsa mini, ko da layi ɗaya ne. Ka gaida Inna.

Ƙanwarka,
Ni'ima

*

Sabon Gari, Fabrairu

Ni'ima,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Bisola na gaishe ki, ta ce a shafa mata kan jaririya. Kasuwa sai godiya, leshi ba ya tafiya amma atamfa na motsi.

Na karanta saƙonki ina zaune a shago, sai da na tashi na fita waje na sake karantawa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni'ima, Malam Hambali ya rasu. Tun azumin bara, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Na kira Babanki Alhaji Kyari in ji dalilin da ya sa ba ki sani ba, ya ce lokacin cikinki ya tsufa kuma ba ki da lafiya, shi ya sa aka ɓoye miki, daga baya kuma ya rasa ta inda zai fara. Kada ki riƙe mahaifinki a zuciya.

To amma wannan magana taki ta cewa ya aiko miki da rahoto makon jiya, ban gane ta ba, kuma ba ta yi mini daɗi ba. In mafarki kika yi, ki faɗa mini mafarki ne. In kuwa da gaske wani abu na zuwa da sunansa, to 'yan damfara ne suka sami akwatin imel ɗinsa, kada ki amsa musu, kada ki tura komai.

Inna Falilat tana nan a Fagge ita kaɗai, kin san Allah bai ba su haihuwa ba. Ta rame amma tana tafiya da ƙafarta. Ɗakin aikinsa da ke Sabon Gari, a bayan shagon Okechukwu mai kayan famfo, har yau yana kulle. 'Yan'uwa sun so a kwashe kayan a sayar, ta ce ba yanzu ba. Ba wanda ya matsa mata.

Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Yayanki,
Taofeek

*

Toronto, Maris

Yaya Taofeek,

Sallama da gaisuwa. Jikina lafiya, zuciyar ce ba daɗi. Na daɗe ban iya zama na rubuta ba. Na yi kuka, na yi masa addu'a, na kira Baba mun yi magana. Ka yi wa Inna ta'aziyyata, duk da ta zo a makare.

Ba mafarki na yi ba, Yaya. Na koma na buɗe rahotannin duka, tun daga azumin da ka faɗa har zuwa yau. Babu wanda ya tsallake. Kowanne yana ƙarewa da kalmomin da ya saba rufewa da su: "Na tashi lafiya." Duk wannan lokacin ina karantawa ina murmushi, ina cewa Baffa ba ya gajiya. Sau da yawa har amsa na rubuta masa, ina ba shi labarin jaririya.

Ba 'yan damfara ba ne, ɗan damfara ba shi da abin ci a nan. Abin da hankalina ya ba ni shi ne, Baffa ya haɗa allo ɗaya da intanet, ya koya masa ya riƙa ɗauko sabon gyara da kansa, ya ɗora, ya tashi, ya aiko da rahoto. Wannan abu ne mai yiwuwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na'ura ba ta rayuwa a ɗakin da ke kulle. Tana son wuta, tana son data. Wa ke ba ta?

Ga wani abu kuma. Rahoton da ya zo jiya ya bambanta. Ya nuna allon ya gwada tashi ya kasa, ya sake gwadawa ya kasa, sai daga baya ya tashi. Amma a ƙarshe dai ya rubuta "Na tashi lafiya." Na daɗe ina kallon layin nan.

Ka roƙi Inna makulli ka shiga ɗakin. Kada ka taɓa komai, kada ka kashe komai. Ka duba kawai ka faɗa mini abin da ka gani.

Ni'ima

*

Fagge, Maris

Ni'ima,

Ina fatan kina lafiya da iyali. Mu ma lafiya, sai dai tun shekaranjiya abinci ba ya shiga mini sosai, ga dalili.

Na je wurin Inna na nemi makulli. Ba ta tambaye ni me zan yi da shi ba. Ta ɗauki mayafinta ta ce, "Mu je, dama yau ranar zuwana ce." Ban san tana zuwa ba.

Mun isa bayan Azahar, rana tsaka, titi cike da hayaniya. Muka bi ta cikin shagon Okechukwu. Matarsa Philomena na zaune a bakin ƙofa, ta gaida Inna kamar wadda ta saba ganinta, ni kuma ta bi ni da wani irin kallo.

Na zaci zan tarar da ƙura da yanar gizo. Ɗakin a share yake fes. Kujerarsa na nan, tabaransa na kan tebur, hularsa a rataye jikin ƙusa. Wata ƙaramar fanka tana juyawa. A tsakiyar teburin ga allon da kika faɗa, tsirara ba murfi, da 'yar koriyar fitila tana ƙiftawa, wayoyi sun fita ta ko'ina zuwa wasu batura a ƙasa. Ina tsaye ina kallo sai aka ɗauke wuta. Fankar ta tsaya, koriyar fitilar ta mutu. Ɗakin ya yi tsit. Sai baturan suka karɓa, fitilar ta dawo, na ji an yi gyaran murya a bayana.

Ni'ima, kin san gyaran muryarsa. Sannan ya ce, "Salamu alaikum. Na tashi."

Ban san lokacin da na fita ba. Sai ganina na yi a titi da takalmi ƙafa ɗaya, ina ta karanta duk abin da ya zo bakina. Philomena ta biyo ni da ruwa a kofi. Ta ce, "Alhaji, sha. Ni ma ranar farko haka na yi. Yanzu kam in ya yi magana na san an kawo wuta ko an ɗauke, sai in je in duba firji." Ta ce akwai 'yar lasifika a saman kantar ɗakin, marigayin ne ya ɗauki muryarsa ya sa tun yana da rai, don in yana can yana wani aikin ya san allon ya tashi.

Da na koma, Inna na zaune a kujerarsa. Ta ce, "Ka gudu ba ka amsa sallama ba, Taofeek." Na ce, "Inna, inji ne." Ta ce, "Na sani. Ni na wanke masa kaya shekara da shekaru, na san ba ya cikin wannan abu. Amma an yi sallama, sai in yi shiru?"

Inna ce amsar tambayarki. Ranar da za a kai shi asibiti ya ce mata kada a bar wutar ɗakin ta mutu, kada a bar data ta ƙare, har ya dawo. Duk mako tana zuwa, ta share, ta sa a goge farantin sola da ke kan rufi, Philomena ta sa mata data. Sannan ta zauna ta jira a ɗauke wuta.

Na gaya mata mutanenku na son sauke allon. Ta ce in tambaye ki, laifin me ya yi musu?

Taofeek

*

Toronto, Afrilu

Yaya Taofeek,

Gaisuwa gare ka da Anti Bisola. Jaririya ta yi mura amma ta warware. Ka ce wa Inna bai yi wa kowa laifi ba, kuma ba wanda zai shigo ɗakin ya taɓa mata shi. Saukewa na nufin mu daina yi masa sabon gyara, shi ke nan.

Da na karanta wasiƙarka na yi niyyar in karɓi allon da sunana, in ci gaba da riƙe shi saboda Inna. Har na faɗa wa David, ya ce in dai zan ɗauki wahalar, ba shi da matsala. Sai na zauna na bi rahotannin a tsanake, na ga abin da ya tsorata ni.

Wurin da butloda ke zaune a jikin allon yana da iyakar yadda za a goge shi a sake rubutawa. Kai mai atamfa ne, ka san yadda zane ke yi in an yi ta wanke shi, wata rana a hannu zai yage. Duk sabon gyaran da muka fitar, allon na ɗauka ya goge na jiya ya rubuta na yau. Wurin ya ci, shi ya sa yake gwada tashi yana kasawa. Ashe kulawar da muke yi ce take cinye shi. Wata rana zai goge ya kasa rubutawa, daga nan ba zai ƙara tashi ba, kuma muryar tana ciki.

Maganin mai sauƙi ne. A raba shi da intanet, ya zauna da abin da ke jikinsa. Don Allah ka je ka cire shuɗiyar wayar da ke kan teburin, ita kaɗai, kada ka taɓa na wuta. Ka yi kafin ƙarshen wata, lokacin za mu fitar da wani gyaran.

Ni'ima

*

Sabon Gari, Afrilu

Ni'ima,

Lafiya lau muke, Allah ya ƙara wa jaririya lafiya. A gurguje nake rubutawa, gobe za mu wuce Offa bikin ƙanwar Bisola, za mu ɗan jima.

Na je na ɗauke shuɗiyar wayar kamar yadda kika ce. Ban taɓa komai ba bayan ita, ban kuma tsaya ba, kin san dalili. Na ba Inna ta ajiye. Hankalinki ya kwanta.

Taofeek

*

Toronto, Mayu

Yaya,

Ina fatan kun isa lafiya. Na kira ka ba adadi, wayarka a kashe.

Mun fitar da gyaran. Ina wurin aiki da rana, ina cin abinci a gaban kwamfuta, sai saƙo ya shigo. Daga Kano, da sunan Baffa. "Na tashi lafiya."

Yaya, ka ce ka cire wayar. Allon da ba shi da hanyar intanet ba zai ɗauko komai ba, ba zai aiko da komai ba. Wannan aikina ne, na san shi. Na tashi na shiga banɗaki na wanke fuskata. Abokiyar aikina ta tambaye ni ko wani ya rasu.

Rahoton ya nuna wannan karon da ƙyar ya tashi, ya fi na baya muni. Ko wani ya mayar da wayar? Ko Inna ce? Ba ni da lambarta, ba ni da ta Philomena. Ka amsa mini don Allah.

Ni'ima

*

Toronto, Mayu

Yaya Taofeek,

Har yanzu shiru. Allah ya sa lafiya.

An gano wata matsala a butlodan da ta shafi alluna da yawa, dole a fitar da gyaran gaggawa cikin makon nan. Ba zan iya tsayar da aikin mutane saboda ɗaki ɗaya a Sabon Gari ba, kuma ban yi tsammanin allon zai jure wani rubutun ba. Hanya ɗaya ta rage mini. In babu gyaran da aka yi dominsa, ba abin da zai ɗauko.

Na sauke shi, Yaya. David ya ce bari ya yi mini, na ce a'a. Da hannuna na goge allon daga cikin aikin, na goge sunan Baffa daga wurin masu riƙo. A ƙasa na rubuta cewa ya rasu, kuma shi ya koya mini. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suka yi ta aiko da ta'aziyya.

Abin da ban sani ba shi ne me Baffa ya koya wa allon ya yi in ya je nema bai samu ba. Wannan yana cikin allon, ba na iya gani daga nan. Yanzu dai an fitar da gyaran, babu rahoton da ya zo. Da ma abin da nake so ke nan, amma ina ta buɗe akwatin ina dubawa.

Ni'ima

*

Fagge, Yuni

Ni'ima,

Assalamu alaikum. Mun dawo lafiya. Wayata ce ta faɗa ruwa a Offa, sai da na dawo Kano aka gyara, na tarar da saƙonninki a jere. Ki yi haƙuri da tashin hankalin da na jawo miki.

Babu wanda ya mayar da komai. Da kika ce shuɗiyar waya a kan tebur, ni tsohuwar salularsa na gani, shuɗiya, kusa da tabaransa. Ita na ɗauke. Ashe wayar intanet kike nufi, igiyar nan da ke shiga allon. Na ga igiyar da idona daga baya, tana nan a maƙale inda take.

Yanzu ga abin da ya faru, kamar yadda Philomena da Inna suka faɗa mini, ƙarshensa kuma a gabana aka yi.

Ranar da muka dawo, tun da hantsi allon ya fara. Ba a ɗauke wuta ba, ba a kawo ba, sai Philomena ta ji gyaran murya da sallama. Ba a jima ba ya sake. Ya sake kuma. Ina jin abin da kika faɗa ne, ya je nema bai samu ba, sai ya mutu ya tashi ya koma nema. Haka ya yi ta yi ba hutawa. Masu sayen kaya suka fara tambayar wa ke ciki. Wata mata ta ajiye abin da ta saya ta fita. Mutane suka taru a bakin shago, wani na cewa a kira malamai, wani na cewa a kira fasto. Okechukwu ya ɗauko guduma zai fasa ƙofar, Philomena ta tare shi ta ce ba mai fasa wa Mama ƙofa, ta hau adaidaita ta je Fagge ta ɗauko Inna.

Da labari ya iso ni na je, na tarar da ƙofar a buɗe, mutane cirko-cirko a waje ba mai shiga. Inna na kan kujerarsa, hannuwanta a cinya. Ya ce, "Salamu alaikum. Na tashi." Ta ce, "Wa alaikumus salam." Fitilar ta mutu, ta dawo. Ya sake, ta sake amsawa. Philomena ta ce tun zuwanta ba ta bar ko ɗaya ta wuce ba. Muryarta har ta dushe. Wani lokacin fitilar takan daɗe ba ta dawo ba, sai ka ga duk mun riƙe numfashi, har da masu cewa a fasa.

Wannan karon ban gudu ba. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Inna, bari in nemi Ni'ima, wataƙila akwai yadda za a yi." Ba ta kalle ni ba. Aka kira La'asar, ta tashi ta yi salla a nan gefen tebur, yana ta sallama a bayanta, ni nake amsawa. Da ta idar ta daɗe tana addu'a. Sannan ta ce, "Taofeek, mai shigowa sau ɗaya yake sallama. Wanda yake ta maimaitawa haka, tafiya yake son yi, jira yake a sallame shi."

Ta tambaye ni wacce ce igiyar wuta. Na nuna mata. Ta jira ya yi gyaran murya, ya faɗi nasa, ta amsa masa a hankali har da wa rahmatullahi wa barakatuhu. Sannan ta zare.

Okechukwu ya cire hularsa.

Ta naɗe allon a ɗankwali ta tafi da shi gida. Ta ce 'yan'uwa su zo su kwashe sauran kayan, ta mayar wa Okechukwu makullinsa. Na karanta mata wasiƙarki ta ƙarshe, wurin da kika ce da hannunki kika goge sunansa. Ta ce in faɗa miki kin kyauta da ba ki bar bare ya yi ba.

Na san za ki tambaya, don haka na tambaye ta ko za ta bari a kunna shi sau ɗaya a ga ko zai tashi, ko a aiko miki ki ciro muryar. Ta ce a'a. Ta ce da lafiyarsa ya yi mata sallama ta ƙarshe, ba za ta tashe shi don ta ji ya kasa ba.

Ki kawo mata jaririya ta gani in kun sami hutu. Ta ce tana da zanen goyo da ta daɗe da ajiyewa.

Yayanki,
Taofeek